Ranar da Goggo Ta Wanke Fuskar 'Yar Gajera

Gidan abincin Goggo yana can ƙarshen gari, inda motocin haya ke juyawa su koma birni. A da layin duk rumbunan ajiye kaya ne. Da 'yan kasuwa suka tashi, sai masu zane da masu sassaƙa da wata mata mai ginin tukwane suka kama su haya saboda arha da faɗi, suka mai da su ɗakunan aiki. Goggo ta riga su duka zuwa. Da sauran ƙuruciyarta mijinta, direban babbar mota, ya rasu, sai ta kafa tebur a ƙarƙashin rumfar kwano tana sayar wa 'yan dako shinkafa da miya. 'Yan dako suka watse, masu zane suka zo, ita dai ba ta ga bambanci ba, ciki duk ciki ne. A hankali rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya samu taga da fanka da kujeru, har mutanen birni suka fara zuwa ranar Asabar, su zaga ɗakunan zane, in yunwa ta kama su su faɗo wurinta.

Goggo Mai Soso ake ce mata, kuma ba a yi mata ƙarya ba. Tukunyarta don ƙyalli kana iya gyara hula a jikinta. Masu zane kan ce in ka tsaya mata a hanya da safe, kai ma sai ta cuɗe ka ta ɗauraye ta kife. Bangon ɗakin cike yake da zanen da suka ba ta, kuma da yake tururi da maiƙo ba sa barin komai, duk mako takan bi su ɗaya bayan ɗaya da soso da kumfa. Su da kansu suka ba ta izini. "Fentin mai ne, Goggo," suka ce, "ko ruwan sama ba ya tsoro."

Guda ɗaya ne daban, wanda ke saman teburin kusurwa, kusa da taga. Hoton 'Yar Gajera ne, matar Malam, dattijon masu zanen layin, wanda ɗakin aikinsa bango ɗaya ya raba shi da kicin ɗin Goggo. 'Yar Gajera aminiyar Goggo ce. A wannan teburin take zama tana taya ta ɓare tafarnuwa, suna yi da duk wanda ya gifta. A cikin ciwonta na ƙarshe Malam ya zana ta, da ta rasu kuma ya sa hoton a gilashi ya kawo shi da kansa.

"Ba ta son zaman shiru," ya ce. "A nan ta fi jin daɗi, ko ba komai ta ji gulma."

Daga baya yanar ido ta rufe masa gani. Yana gane launi in ya kai abu dab da hancinsa, yana gane inuwar mutum, amma siririn layi ya fi ƙarfinsa. Duk da haka kullum da rana sai ya dogaro sanda ya zo ya zauna yana fuskantar hoton, ya ci abincinsa.

A makon da abin ya faru, mai kawo gas ya juya da tukunyar a kafaɗa ya daki hoton, gilashin ya tsage. Malam ya lalubo ya cire gilashin ya bar hoton a bango, ya aika wa mai gilashi ya yanko wani. Mai gilashi kuwa gobe, gobe, har Asabar ta zo.

Da sassafe Goggo ta hau kujera da bokitin kumfa tana bin zanen bango, bakinta na can kicin wurin ƙanwarta Auta, wadda ke taya ta aiki tun da aurenta ya mutu.

"Auta, albasar nan sirara nake so, ba irin ta jiya ba da kika yanka kamar za a yi gini da ita!"

"To ki sauko ki yanka mana, tun da hannunki na zinariya ne!"

Hannun Goggo na ta tafiya shi kaɗai, kamar yadda ya saba. Ta goge zanen teku, ta goge kasuwa, ta goge wani doki, ta matsa da kujera, ta sake tsoma soso. Ta shafa sau ɗaya, ta ƙara, sai ta ji abin da ke ƙarƙashin soson ya yi laushi, ba santsin da ta sani ba. Ta juyo ta duba.

Idon 'Yar Gajera na hagu babu shi. Daga gira zuwa kumatu har kunne duk sun narke sun zama wani jirwaye mai ruwan ƙasa, kumfa na gangarowa ta haɓa. Ɗaya idon yana nan yana kallonta, da rabin murmushin nan na mai shirin faɗin baƙar magana.

"Innalillahi," ta ce. Ta kama gefen zaninta ta danna don ta tsane ruwan, zanin ya taso da gefen hanci. A lokacin ne abin da ta sani sarai ya dawo mata. Wannan ba fentin mai ba ne, fentin ruwa ne a kan takarda, domin a lokacin ciwon warin fentin mai na sa 'Yar Gajera amai. Ita Goggo ce ma ke riƙe mata roba a ranakun da ake zanen.

Auta ta leƙo da wuƙa a hannu, ta ɗaga kai, ta yi mutuwar tsaye.

"Yaya! Me kika yi?"

"Rufe mana ƙofa."

"Rufe ƙofa ai ba ya dawo da ido. Sauko kafin ki faɗo mu shiga uku biyu." Ta riƙe mata kujera har ta sauko. "Cire shi za mu yi, mu ce mai gilashi ya zo ya ɗauka."

"In Malam ya aika a tambaya fa?"

"To a kira ɗaya daga cikin masu zanen nan ya gyara."

"Wa ya san ta a cikinsu? Waɗanda ke nan yanzu duk bayan rasuwarta suka zo. Ba ta yarda da kyamara ba, hoton katin shaida kaɗai ta bari, shi ma kamar an kamo ɓarauniya."

Auta ta rage murya. "To ki bar shi a inda yake. Tsakani da Allah, Yaya, me Malam yake gani? Mutumin da shekaranjiya ya tsaya yana gaida buhun albasa yana zaton ni ce, har da tambayar ya ƙafa?"

Goggo ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce a'a ba. Ta ɗauke bokiti ta shige kicin.

Aikin safiyar nan dai an yi shi ne kawai. Ta zuba gishiri a miya, ta manta ta sake zubawa, sai da Auta ta jefa dankali a ciki ya tsotse. Ta bango tana jin rediyon Malam, tana jin tarinsa, tana jin ya ja kujera. Rabin ranta na cewa Auta ta yi gaskiya, abin da ido bai gani ba zuciya ba ta ƙuna a kansa. Ɗaya rabin na tuna mata cewa wannan mutumin ne ya tsaya mata a kan mai gidan haya lokacin da aka so tashinta, kuma abu mafi daraja da ya mallaka a duniya ita ya ba wa ajiya.

Baƙin birni suka iso da wuri, mota guda, da hulunan rana da jakunkuna, wasu riƙe da ƙananan tukwanen da suka saya a maƙwabta. Suka cika tebura suna ɗaga wayoyi suna ɗaukar bango. Ana cikin haka aka ji ƙwas, ƙwas, sandar Malam a bakin ƙofa.

Ya lalubi kujerarsa ya zauna, ya jingine sanda, ya ɗaga kai kamar kullum.

"Sannu da hutawa, 'Yar Gajera." Ya ɗan tsaya, ya ƙanƙance idanu. "Yau kamar ta yi duhu ta gefe ɗaya."

"Hadari ne, Malam," Auta ta yi caraf ta ce, alhali rana na dukan taga kamar ta fasa ta.

"Hadari? Ƙashina bai gaya mini ba."

Goggo ta kawo masa farantinsa a kan tire. Ta ajiye, ta kasa tafiya. Sai ga wata baƙuwa, mai tabarau a saman goshi, ta taso daga teburinsu da fara'arta.

"Baba, an ce kai ka zana wannan? Wallahi duk ɗakin nan shi ya fi tsaya mini a rai. Ina so in tambaye ka, me ya sa ka zaɓi ka bar rabin..."

"Malam!" Goggo ta katse ta da ƙarfin da ya sa cokula suka tsaya a ɗakin. Sai kuma ta sassauta murya. "Malam, gara ka ji daga bakina. Na goge shi da safe. Da soso. Na manta babu gilashi. Idonta na hagu ya tafi, da kumatu, da kunne."

Baƙuwar ta ja da baya a hankali ta koma wurin zamanta. Malam ya dafa tebur ya miƙe, ya miƙa hannu sama yana laluben katakon hoton, ya bi takardar da kan yatsunsa har ya iso inda ta jiƙe ta yi kurji. Ya daɗe a wurin. Sannan ya kai yatsun hancinsa ya shinshina.

"Sabulun wanke-wanke," ya ce.

Ya ɗauki sandarsa ya fita, bai taɓa abincin ba. Jim kaɗan rediyon da ke bayan bango ya yi shiru.

Goggo na tsaye a inda ya bar ta. Da zagi ya yi, da ta san inda za ta sa kanta. Auta ta karɓe tiren daga hannunta ta shiga rarraba wa baƙi abinci tana jan su da surutu don su daina kallo. Da ta zo wucewa ta raɗa mata, "Ki bar shi ya huce, gobe kya je."

Goggo ta kwance gyauton aikinta ta rataye. Ta hau kujera ta sauko da hoton, ta rungume shi a ƙirji fuskar na ciki, ta fita ta bar kicin cike da oda.

Ƙofar ɗakin Malam a buɗe take. Warin fenti da kananzir ya tare ta. Gwangwanayen madara cike da buroshi sun jeru a kan taga, wasu gashinsu ya bushe ya sandare, manyan zane kuma an jingine su suna kallon bango. Yana zaune a kan ɗan benci, sanda a tsakanin gwiwoyinsa.

"Na kawo ta," ta ce.

"Kwantar da ita a tebur. Kada ki ƙara taɓa wurin."

Ta kwantar. Ta tsaya tana murza yatsu kamar yarinyar da ta fasa tulu.

"Ki zauna mana, kin tsaya mini a ka." Ya yi ajiyar zuciya. "Kin san abin da ya fi ci mini rai? Fuskarta ta fara gudu daga kaina. In na rufe ido muryarta nake ji, amma fuskar sai ta ƙi tsayawa. Hankalina a kwance yake ne saboda na san tana can a bangonki, ko ban gani ba."

Hawayen da Goggo ke riƙewa tun safe suka zubo. "Ka yafe mini, Malam."

"Ban kai nan ba tukuna," ya ce. "Kada in yi miki ƙarya."

Ta bango ana jiyo Auta na faɗa da murfin tukunya. Can ya ce, "Ke kina ganinta? A ranki?"

"Kamar yanzu ta fita."

"Girar hagu, daidai take da ta dama?"

"Ina! Ta fi ta ɗagawa, musamman in za ta yi maka rashin kunya. Akwai kuma ɗan tabo a ƙarshenta, inda murfin kwaba ya buge ta."

"Tabon," ya ce a hankali. "Na manta da tabon."

Ya miƙe ya laluba cikin wata aljihun tebur, ya fito da ƙaramin akwatin fentin ruwa da ƙura ta rufe, da farantin shayi, da guntun takarda.

"Ba zai koma yadda yake ba, ki sani. Takardar ta ji ciwo, sai ta bushe ma kafin a taɓa ta. Hannuna ya san hanya amma ba ido. Ke kina da ido, hannunki kuwa Allah ya tsare mu da shi. Za ki tsaya a kaina ki riƙa gaya mini, sama, ƙasa, tsaya. In ya ɓaci, mu biyu muka ɓata."

Ya ɗiga ruwa a farantin, ya kai akwatin dab da idonsa yana zaɓen launi, ya dama, ya shafa a guntun takardar ya miƙa mata.

"Kumatunta ke nan?"

Goggo ta share ido da bayan hannu, ta kai takardar bakin taga ta duba da kyau.

"Ƙara duhu. Ba ta kai haka haske ba. Tun a na farkon ma son kai ka yi mata."

Malam ya yi ɗan tsaki, ya sake tsoma buroshi.