Yatsan Surukina

Kafin in lalace, ɗan shagon cirar kuɗi gare ni a bakin titin Kankia. Ina samun na cefane, ina barci lafiya.

Da ƙara wa tsofaffi caji na fara. Ba wanda ya gane, sai na ɗauka na fi kowa wayo. Daga nan na yi rajistar kamfanin hatsi wanda ko tiya ɗaya bai mallaka ba, na nemi katin bashi na 'yan kasuwa. Banki suka ce sai na kawo mai tsaya wa kamfanin, wanda sunansa bai da tabo. Nawa ya riga ya ɓaci a wurinsu saboda wani tsohon bashi.

Sai na tuna uban matata, tsohon masinja mai karɓar fansho a Kusada. Shekara shida ina auren 'yarsa, bai taɓa kallon idona ba, bai taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar surukuta. Na san ba zai iya yi mini tambaya ba. Kunyar nan na je ci.

Na durƙusa na ce, "Baba, bashin kamfani ne, bai shafe ku ba." Ya kau da kai, ya miƙo yatsa aka dangwala. "Allah shi yi albarka," in ji shi.

Wata huɗu na cinye kuɗin tas. Da damina ta kawo jiki surukina ya je neman rancen taki, aka ce sunansa ya yi baƙi, bashin kamfanin yana wuyansa. Aka shiga yankar fanshonsa, har ya sayar da gonar gado. Na aika masa da rabin buhun masara, gari ya yi ta yabona. Na ji daɗin yabon, wallahi.

Da na maimaita wa wasu, aka kama ni. Shekara uku na yi a gidan yari. Matata ta karɓi takardarta.

Ranar da na fito na tuba, na nufi Kusada neman gafara. Na tarar da shi yana ƙwadago a gonar da ta taɓa zama tasa. Ya ɗago ya zuba mini ido, ya kira sunana gatsau. "Mi kuma ka zo amsa? Yatsan? Ga shi."

Na gwammace ya sare ni da fartanyar da ke hannunsa.

Samari, bashin kamfani bashin mutum ne. Kada ku dangwala wa kowa, kada ku sa a dangwala muku. Ni an sake ni, shi har yau banki bai sake shi ba.