Hawan da Baba Ya Ƙi Ɗorawa

Yau shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaka magini. Ba wani sanannen mutum ba ne, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Amma kusan kullum idan na fito daga unguwarmu ta Nima zan tafi makarantar da nake koyarwa, sai in ga an kewaye wani tsohon gida da kwano, bayan 'yan watanni kuma in ga rodi sun yi cirko-cirko a sama. Nan take sai in ji ina tambayar kaina abin da Baba zai ce da yana raye.

Yana saurayi ya zo Ankara, babban birnin Gana, daga arewacin ƙasar, a bayan motar doya, shi da amininsa Bukari. Ɗaki ɗaya suka kama a Nima. Baba ya fara da ɗaukar kwanon kankare a ka har ya koyi gini, Bukari kuwa ya nufi Abossey Okai inda ake sayar da kayan gyaran mota. Allah ya buɗa masa, ya sauke farali, kowa ya koma ce masa Alhaji. Baba ne kaɗai ya ci gaba da kiransa Bukari, mu kuma muna ce masa Baba Alhaji. Matarsa, Hajiya Fati, ita ce babbar ƙawar mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma.

Baba ba maƙiyin bene ba ne. Ya sha faɗa cewa Nima ta zo tsakiyar gari, gabas da yamma duk an rufe mu, ba inda za mu faɗaɗa sai sama. Da hannunsa ya gina wa Alhaji gida a Maamobi da ke maƙwabtaka da mu, bene mai hawa ɗaya, kuma yana alfahari da shi.

Wata la'asar ina tsakar gida ina duba littattafan ɗalibai, lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba, Alhaji ya shigo ya zauna a kan tabarmar Baba. Bayan sun gaisa ya ce, "Isiyaka, hawa biyu nake so ka ƙara mini. 'Ya'yana maza sun yi aure, ga mutane kullum a ƙofata suna neman ɗaki."

Baba ya ce, "Gidan ba zai ɗauka ba."

"Ka sa rodi masu kauri mana."

"Ni na haƙa harsashin nan, na san zurfinsa. Ga babbar kwata a bayanku, ƙasar wurin duk ruwa ne. In kana so, a fitar da mutanen ƙasa, mu fasa, mu kafa sababbin ginshiƙai, sannan mu hau."

"In fitar da su su je ina? Kai dai faɗi gaskiya, ka tsufa, tsoron sama kake ji."

Baba ya ce, "Alhaji, nemi wani." Ranar na fara jin ya kira shi Alhaji, kuma na ga yadda kalmar ta daki mutumin. Ya tashi ya saka takalminsa ba sallama.

Ba na son mai karatu ya ɗauki Baba Alhaji a matsayin mugu. Buƙatar da ya faɗa gaskiya ce. Akwai ɗakin da mutum bakwai ke kwana a ciki a wannan lungun, kuma shi mutum ne mai kunyar ya ce wa na gida babu. Laifinsa gaggawa, da ganin cewa amini ba ya ce maka a'a.

Kusan shekara uku suka yi ba sa magana. Masallaci ɗaya suke salla, amma in wannan yana dama wancan yana hagu. Hajiya Fati ta daina shigowa gidanmu, Mma kuma ta canza hanyar da take bi zuwa Kasuwar Malam Atta don kada su haɗu su rasa abin cewa. Maganar tsoron sama ta bi unguwa, masu neman magini suka fara wuce ƙofarmu. Mutumin da ya saba fita tun kafin rana ta fito ya koma yin facin bango da gyaran dandamali.

Alhaji ya samo wani magini. Aka ɗora hawa ɗaya, aka yi masa fenti, mutane suka tare, aka soma jera bulon na gaba. Ni kuwa haushi ya ishe ni. Wata rana na ce masa, "Baba, ga shi an yi, kuma bai faɗi ba. Me muka samu a wannan taurin kai?" Har yau idan na tuna da wannan magana nakan ji kunya. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya sa kada ya faɗi. Akwai mutane a ciki." Sai daga baya Mma ta gaya mini cewa kowace Juma'a bayan salla yakan zagaya ta bayan gidan, ya tsaya bakin kwata yana kallon bango.

A damina ta uku, wata safiya muna karyawa, sai ga Hajiya Fati ta faɗo gidanmu, mayafinta a jiƙe. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam, ƙofar ɗakina ta ƙi rufuwa tun jiya, ga gari yana zubowa daga bango. Alhaji ya ce ba komai, amma ni hankalina bai kwanta ba." Baba ya ajiye kokonsa, ya ɗauki guduma ya bi ta. Ni ma na bi su.

Ya kankare shafen siminti a jikin ginshiƙin da ke kusa da kwata, sai ga tsaga wadda yatsunsa huɗu suka shige. Ban taɓa jin ya ɗaga murya irin ta ranar ba. Ya bi ɗaki-ɗaki yana cewa kowa ya fito, a bar kaya a ɗauko yara. Kafin azahar babu kowa a gidan. Iyali biyu suka sauka a tsakar gidanmu, wasu a makarantar masallaci, wasu wurin 'yan'uwa a Alajo. Baba ya sa aka kawo katakai aka tokare ginin, ya kuma dage sai an kira injiniya, yana cewa shi hannu ya sani, akwai lissafin da ya fi ƙarfinsa. Aka sauke duk abin da aka ƙara a sama, aka fasa ƙasa, aka kafa ginshiƙan da ya faɗa tun farko, shi ne kuma ya ja ragamar aikin.

Duk tsawon watannin aikin ban ji ya ce ai na gaya maka ba. Alhaji kuma bai iya buɗe baki ya nemi gafara ba, yakan zo ne ya tsaya daga nesa. Wata rana ana zuba kankare, sai kawai ya naɗe hannun farar jallabiyarsa, ya sunkuya ya ɗauki kwano ya ɗora a ka, dattijo mai furfura. Leburori suka tsaya suna kallo. Baba ya waiwaya daga kan katako ya ce, "Bukari, ajiye, ka manta da ciwon bayanka?" Sulhunsu ke nan gaba ɗaya. Da Baba ya rasu, yayyena maza sun ce Alhaji ne ya fara shiga kabari ya karɓe shi, kuma da ƙyar aka fito da shi.

Da Baba zai zagaya Nima da Maamobi yau, na san akwai abin da zai faranta masa rai. Zai ga ana gwada ƙasa kafin a haƙa, zai ga gidaje masu hawa uku da huɗu, shaguna a ƙasa, kowane ɗaki da banɗakinsa, ba sai mace ta fita da bokiti ta bi layi ba. Zai kuma ga waɗanda har yanzu suke ɗora hawa a kan tsohon harsashi, suna cewa na maƙwabci ma bai faɗi ba. Ina jin zai tsaya a lungun da bene biyu suka haɗe kai har rana ba ta sauka ƙasa, ya tambayi ta ina iska za ta shiga wa mai ɗakin ƙasa. Zai tambayi inda ake suna da zaman makoki yanzu da tsakar gida ta tafi, sai mu nuna masa rumfunan da muke kafawa a kan titi muna tare motoci.

Tambaya mafi wuya kuwa mu 'ya'yansa zai yi wa. Mu ma mun rushe gidan da muka taso a ciki, mun yi bene mai hawa biyu. Mun bi ƙa'ida, mun kira injiniya, Mma tana ɗakin ƙasa saboda gwiwoyinta. Sai dai mutanen da suka yi haya da mu shekara da shekaru ba duka suka iya dawowa ba. Akwai wata dattijuwa mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, wadda ta goya ni ina jaririya, yanzu tana can bayan gari wurin 'yarta. Ta sa mana albarka da za ta tafi, amma har yau ban sami natsuwa a kan lamarinta ba. Ban san hukuncin da Baba zai yanke ba. Na dai san da sai ya zaunar da mu ya ji inda kowa zai kwana kafin ya bari a cire kwano ɗaya.

Gine-ginensa suna ta ƙarewa. Yawancinsu gajeru ne, filayen da suke kai kuma sun yi daraja, saboda haka ɗaya bayan ɗaya ake sauke su. Da farko abin yana yi mini ciwo. Yanzu na fahimci cewa ya gina wa mutanen zamaninsa abin da ya riƙe su lafiya, suka haifi 'ya'ya a ciki suka aurar, ba wanda bangonsa ya taɓa faɗo wa. Ban san abin da ya fi wannan da za a nema a wurin magini ba.

Watan jiya aka ce mini ana rushe wani gida da ya gina a Alajo, sai na bi ta can bayan an tashi makaranta. Na tarar da ma'aikata sun jiƙe da gumi, shugabansu yana zaune a kan bulo yana ta mita da Turanci da Hausar zango. Ya ce aikin da ya yi wa alkawarin kwana biyu ya shiga mako, guduma har ta karye musu. Da ya ga na daɗe a tsaye sai ya ce, "Anti, dubi wannan wahala. Wane mutum ne ya gina wannan abu haka?"

Na ce masa, "Babana ne."