Yatsu Uku a Maƙogwarona

Sanƙarau ne ya cinye wa ƙanwata kunne tana shekara bakwai. Maganarta ba ta tafi ba, jin ne ya tafi ɗungurungum. Daga nan na zama kunnenta. Takan ɗora yatsu uku a maƙogwarona, idonta a kan bakina, ina zuba tana kwasa. Da haka ta bi karatu a Islamiyyar Babanmu a Gwarzo: in na ja maddi ta ji tsawonsa a yatsunta, in na tsaya ta tsaya. Shekara takwas muna haka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Ko Inna sai ta biyo ta kaina kafin ta aike ta.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da kananzir ma ya gagari gidaje da yawa, wani kawunmu da ke aiki a Kano ya zo mata da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana. A wuyan hannu ake ɗaura ta. In aka yi magana a kusa sai ta riƙa karkarwa a kan fata, gajeriyar kalma kaɗan, doguwa da yawa. Ba ta sa kurma ya ji, amma in ya haɗa da kallon baki ya samu makama.

Ba a yi wata biyu ba ƙanwata ta daina nemana. Da kanta take zama gaban Baba ta biya karatu. Takan san an yi sallama a ƙofa ba sai na faɗa mata ba. Baba ya haƙura da rediyonsa don batir ya ishe ta. Matan unguwa suna ta zuwa kallo, ni kuwa ina gefe, an ci moriyar ganga. Kishi ya ci ni, kishin abin da ko rai ba shi da shi.

A gidanmu ranar sauka Baba ne ke jan aya, mai sauka tana bi. Da safiyar saukarta, tana wanka, na buɗe na'urar na juya batir ɗin. Tunanina shi ne dole ta neme ni in maimaita mata a gaban jama'a. Har sabon mayafi na yafa.

Ta ɗaura na'urar, ta tafa hannu, ko motsi ba ta yi ba. Sai ta ja ni ɗaki ta ɗora yatsun nan uku inda suka saba.

“Yaya, ke ce?”

Na ce, “A'a.”

Amma kafin in faɗa na haɗiye yawu, ita kuwa shekara takwas tana karanta wannan maƙogwaron. Ta janye hannunta a hankali ta fita. Ina kallo ta durƙusa gaban Baba, ya sassauta rawaninsa, ta sa yatsunta a wuyansa. Ta bi shi aya aya ba tuntuɓe. Ba ta taɓa tona ni ba.

Yanzu tana aure a Kabo, na'urar ta daɗe da mutuwa. 'Ya'yanta in za su yi mata magana da kansu suke kai hannunta wuyansu. Ni in na je takan tarbe ni da fara'a, ta shimfiɗa mini tabarma, mu yi ta hira tana kallon bakina, hannayenta biyu a kan cinyarta.