Kazar Hajiya Adiza

Ni mutumin Maraɗi ne. Da can hula da safa nake sayarwa a bakin titin Fordham Road, can ƙasar Turawa, ribar ba yawa, amma ina barci lafiya.

Wata Asabar na ga wani Bature ya zube kuɗi masu kauri wajen sayen wani kwanon gilashi mai murfi, murfin siffar kaza ce kwance a kan ƙwai. Aka ce mini tsofaffin ake rububi, sababbin da aka kwaikwaya kuwa kusan kyauta ne. Na sayo kwali guda na sababbin, kaji da zomaye da agwagi. In goga gindinsu a matakalar siminti ta gidanmu a unguwar Highbridge, in jiƙa su a ruwan shayi, kafin mako sun tsufa, sai in sayar a matsayin na asali. Da farko gabana yana faɗuwa, daga baya ya daina.

Maƙwabciyata Hajiya Adiza, 'yar zangon Kumasi, tana da irin kazar ta asali, shuɗiya. Wata tsohuwa da ta yi wa jinya shekara tara ce ta bar mata. Dabino take zubawa a ciki. Na ce, "Hajiya, ta yi duhu, kawo in wanke miki." Na sayar da tata, na mayar mata da ta bogi.

"Kai, ɗana, ka mai da ita sabuwa!" Har da sa mini albarka.

Masu saye suka kai ƙara, aka kama ni. Ranar yanke hukunci sai ga Hajiya a kotu, da kazar ƙunshe a mayafi. Ta ce wa alƙali, "Na ba yaron nan abin da na fi so, ya dawo mini da shi. Ba ɓarawo ba ne." Na sunkuyar da kai. Aka sassauta mini.

Shekara biyu a kurkuku ina shirya yadda zan nemi gafararta. Na fito na tarar ta rasu da wata huɗu. 'Yarta ta miƙo mini kazar, ta ce, "Mama ta ce a ba ka, kai ka san darajarta."

Na tuba, na koma kan hula da safa, amma wallahi na gaji. Samari, Allah yana yafe nasa, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi. Wanda kuka cuta, ku same shi tun yana numfashi. Ni wadda zan roƙa tana kabari. Kazar tana kan tagata, kullum ina ganin gogar da na yi mata da hannuna.