Hannun Aro

A kasuwar birnin Sibiu, wata mata 'yar ƙabilar Romani, waɗanda ake yawan rainawa a can, tana zaune gaban butocin jan ƙarfe da ta ƙera. Jan siket gare ta har ƙasa, kitsonta biyu sun fara furfura, hannuwanta masu duhu duk tabon wuta. Tana goge wata butar kofi a hankali kamar mai lallashin jariri, rana tana rawa a jikin ƙarfen. Sai nake ganinta a raina tana yarinya, tana zuga wa babanta wuta a maƙera.

Ta ɗaga waya za ta ɗauki hoton butar a hannunta, sai ta fasa.

"Viorika," ta kira farar matar da ke sayar da cuku kusa da ita, "ara mini hannunki."

"Yau ma, Garofita? Naki fa?"

"Ke dai riƙe. Jiya na saka hoto a intanet da nawa hannun, wani ya rubuta: a gidan wa kika sato?"

Viorika ta goge yatsunta, ta riƙe butar. Garofita ta ja baya, ta ɗauka. A hoton butar tana sheƙi, kamar babu wanda ya taɓa ƙonewa wajen ƙera ta.