Laburaren da Na Je Ceto a Treichville

Litinin: Zariya zuwa Legas

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida a Tudun Wada, da jaka ɗaya, da manyan riguna biyu, da jawabi mai shafi bakwai da na yi mako guda ina gogewa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin laburare kafin in yi ritaya, ba wanda ya taɓa kira na ko Kaduna don ya ji ra'ayina. Yau ga shi ana nema na a ƙasar waje. Ku yi mini uzuri, kaina a kumbure na shiga mota.

Wanda ya kira ni Alhaji Sani ne, ɗan kawuna, mai shigo da kayan gyaran babur a Abijan. Ga abin da ya faɗa mini a waya. Ana shirin cire ɗakunan karatu na jama'a daga hannun hukumar birni, a danƙa su ga wata hukuma mai cin gashin kanta, wadda za ta riƙa karɓar ɗan harajinta daga shagunan da ke kewaye da kowane ɗaki. Inda 'yan kasuwa suka sa hannu, ɗakin ya shiga sabon tsari. Inda suka ƙi, ba mai ɗaukar nauyinsa, sai rufewa. Akwai wani ɗaki a Treichville da wata 'yar Hausawa, Balki, ta shekara goma sha tara tana riƙewa, kuma shagunan da ke zagaye da shi kusan duk na Hausawa ne. Ita Faransanci ya fi zama a bakinta, dattawan ƙungiyar 'yan kasuwar kuma sai da Hausa mai nauyi. Ana son wanda zai tsaya gabansu ranar Juma'a ya shawo kansu.

Kilomita wajen ɗari tara muka ci a ranar. Direbanmu ya ɗauki kowane rami a matsayin abokin gaba da dole a taka shi. Na sauka Legas ƙashin bayana yana kuka, na kwana a masaukin baƙi kusa da tasha.

Talata da Laraba: bakin teku

Shida na safe babbar mota ta tashi. Kwatano, Lome, sannan Akara, inda muka kwana. A kowace iyaka a sauka, a yi layi, a buga hatimi, a hau. Na kusa da ni wani mai sayar da takalma ne, ya tambaye ni sana'ata.

Na ce, “Ma'aikacin laburare ne.”

Ya ce, “Allah sarki. Ana samu kuwa?”

Na juya ga taga. A raina na ce irin waɗannan ne zan je in wayar.

Laraba da azahar muka tsallaka daga Gana zuwa Noé, muka bi ta Aboisso, biyar saura kwata agogon can muka shiga Abijan. Alhaji Sani na jira a tashar Treichville. Ya ƙara ƙiba, ya ƙara zobba. Mutumin da rabonsa da buɗe littafi tun aji huɗu, yanzu shi ne uban tafiyar ceto laburare. Daga baya na gane dalili: 'yarsa a ɗakin ta yi karatun jarrabawarta har ta ci, matarsa kuma ta hana shi sakat.

Muka haye gada zuwa Adjamé. A mahaɗar Indénié muka yi minti arba'in ba mu matsa tsawon tabarma ba, ƙananan motocin haya da suke kira gbaka suna ta cusa hanci ta ko'ina. Da muka isa gidansa a Bromakoté sai ya ce, “Yaya Garba, yau kai za mu ci.” Ashe akwai abinci mai sunana, turararren garin rogo da soyayyen kifi da barkono, Hausawan Nijar ke sayarwa a kowane lungu. Gidan duk aka yi ta dariya. Na ci, ya yi daɗi, amma ban ga abin dariya ba.

Alhamis: ɗakin Balki

Tara na safe muka koma Treichville a motar haya. Ɗakin yana saman wani shagon yadi, matakala ashirin da biyu, na ƙirga saboda gwiwata. Tebur shida, fanka biyu, kantoci har rufi. Duk kujerun a cike: 'yan mata masu shirin jarrabawa, wani tela yana karanta jarida, wasu tsofaffi biyu da na ga alamar iskar fanka ta kawo su. A kusurwa akwai kanta guda ta littattafan Hausa, na boko da na ajami, waɗanda Balki ta tara ɗaya bayan ɗaya daga hannun matafiya.

Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, siririya, da tabarau rataye a wuya. Iyayenta mutanen Madawa ne, ita a nan aka haife ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, tana kira na Tonton, wato kawu da Faransanci.

“Tonton, sannu da hanya. Wallahi na ji daɗi, parce que ni in na tsaya gaban tsofaffin nan, Hausa tana gudu ta bar ni. Wannan bibliyotek ɗin ita ce duk rayuwata.”

Na ce, “Wannan me?”

“Bibliyotek.”

Na yi murmushin da na saba yi wa ɗalibai. Na ce, “'Yata, abin da ya sa ba sa jin ki ke nan. Da Hausa laburare ake cewa.”

Ta ce, “Amma Tonton, a nan in ka ce haka...”

“A nan da can duk Hausa ɗaya ce. Ki bar mini maganar. Gobe ki zauna ki saurara, kada ki sa mini baki, ko ke ma kya ƙaru.”

Ta ce to. Ta kawo mini shayi da burodi, ta nuna mini rajistar masu aro, rubutunta tsaf kamar na inji. Na yaba mata yabon da babba ke yi wa ƙarami, na sauko ina jin tausayin mutanen da suka bar harshensu ya lalace haka.

Juma'a: taron Bromakoté

Bayan an sauko daga masallaci aka taru a farfajiyar gidan shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, dattijo ɗan asalin Tawa mai sayar da goro da shinkafa. Maza sun kai sittin a kan tabarmi da kujerun roba, yawancinsu mutanen Nijar, 'yan Najeriya ba su fi goma ba. Mata suna can baya wajen ƙofar kicin, Balki a cikinsu. Na sa babbar rigata mai aska takwas.

Minti arba'in na yi ina magana. Na kawo tarihin Timbuktu, na kawo darajar alƙalami. Na ce laburare hasken unguwa ne, laburare gadon 'ya'yanku ne, ɗan abin da za a karɓa a shagunanku ba zai kai kuɗin shayinku ba. Ina ganin fuskoki suna ɗaurewa, na ɗauka nauyin hikima ne ya danne su.

Wani tsoho mai jan rawani ya ɗaga sanda. “Malam, wanga libreri da kake hwaɗi, wa ad da shi?”

Na ce, “Balki ke riƙe da shi, kun san ta.”

“To riba fa? Wa ka cin ta?”

Na buɗe hannuwa kamar mai huɗuba. “Riba ai ba ta ƙirguwa, Baba! Riba mai yawa, kullum ƙaruwa take.”

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani daga gefe ya ce, “Wato mu biya lanho, ita ta ci riba?” Lanho shi ne haraji a bakinsu, wannan kam na sani. Wani ya ce shi ma yana da butik, wato shago, a tara masa. Aka yi dariya. Na hango Balki ta miƙe tsaye tana ɗaga hannu, na yi mata alama da tafin hannu ta zauna. Ta zauna. Alhaji Sani kuwa yana bakin ƙofa yana ciniki a waya, bai ji ko kalma ɗaya ba.

Na ƙara murya na ce abin kunya ne mutane masu dukiya irin tasu su tsaya jayayya a kan laburare guda. Wannan ya ƙarasa abin da ya rage. Alhaji Mamman ya ce a ɗaga hannu. Masu goyon baya tara, har da ni da ba ni da ƙuri'a. Ya sa aka rubuta an ƙi, ya buga hatimin ƙungiya, aka shafa fatiha, aka miƙa takardar ga wanda zai kai wa hukuma.

A hanyar gida na zazzage wa Alhaji Sani duk abin da ke cikina. Na ce jahilai ne, masu kwana da lissafin buhu, waɗanda in ka ba su littafi sai su duba ko takardarsa za ta yi ƙunshin goro. Ya ce, “Haka ne, Yaya,” yana duba wayarsa.

Asabar: Black Market

Goma na safe na fita sayen tsaraba a kasuwar da suke kira Black Market, inda ake sayar da waya da tufafi da duk abin da ya taɓa zama na wani. A bakin titi na ga wani Bahaushe ya baza tsofaffin littattafan makaranta a kan buhu. Hali ya ja ni, na tsuguna ina dubawa.

Ya ce, “Alhaji, zaɓi. Duk Adjamé ba librerin da ta kai tawa araha.”

Na ce, “Wannan ne laburare? A ƙasa?”

“Libreri ta ƙasa ke nan. Masu kuɗɗi su na da ta butik, mu muna da ta ƙasa. Duk saisuwa ce.”

“To inda ake zama a karanta kyauta, a ara a mayar fa?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwata. “Wannan ai bibliyotek ce.”

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun ba. Da Faransanci, kalmar da na yi minti arba'in ina daka musu, kantin sayar da littattafai take nufi. Ni na tsaya gaban mutum sittin, cikin rigar aska takwas, na roƙe su su biya haraji don wata mata ta buɗe kanti ta ci riba mai yawa. Da ni ne a kan tabarmar, da ban tsaya an kai ga ƙuri'a ba.

Na bar tsarabar, na nufi gidan Alhaji Mamman da sauri har ina tuntuɓe. Na same shi a zaure yana gyara goro a kan ganye. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce kuskure ne na harshe, a sake kiran taro.

Ya bari na gama, ya miƙo mini goro. “Malam Garba, ni na yi lakwal, bokon Faransi, har aji shida. Kuma shekara ashirin ina zuwa Kano. Tun kalmarka ta hwarko na gane mi kake nuhi.”

“To don me ba ka gyara mini ba?”

“Kai aka ɗauko tun daga Zariya don ka koya muna Hausa. Ni wa, in gyara ma malami?” Ya ci gaba da jera goronsa. “Kuma shaguna bakwai gare ni a layin bibliyotek ɗin. An shafa fatiha, takarda ta tahi. Mu nan ba mu buɗe abin da anka shafa ma fatiha.”

Na so in zage shi. Na duba ko'ina a cikin maganarsa ban sami inda zan kama ba. Shi mugu ne mai hankali, ni kuwa ko wannan ban samu ba.

Lahadi: Treichville kuma

Na hau matakalar nan ba tare da na ƙirga ba. Ba kowa sai Balki, da kwalaye da ta roƙo a shagon yadi. Ƙarshen wata za ta mayar da makulli, ta ce gara ta fara tun yanzu, kada ta yi a gaban masu karatu. Na faɗa mata abin da ta riga ta sani. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, “Ba komai, Tonton. Ka zo daga nesa, ka gaji saboda mu.”

Da ta yi mini ihu da na fi samun sauƙi. Ta jawo kwali uku da ta zuba littattafan Hausa a ciki, ta miƙo mini alƙalami mai kauri.

“Ka rubuta mini a jiki abin da ke ciki. Kai ka iya Hausa, ni kar in yi kuskure.”

Na duba fuskarta ko gatse take yi. Babu gatse ko kaɗan, da gaske take. Na durƙusa na rubuta.

Komawa

Litinin bakwai na safe na bar Abijan, na bi hanyar da na zo, Laraba da la'asar na sauka Tudun Wada. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Sani da iyalinsa da suka ciyar da ni kwana biyar ba su ga amfanina ba. Na gode wa mai littattafan bakin titi, wanda ya koya mini a minti ɗaya abin da aka so faɗa mini tun ranar Alhamis na toshe kunne.

Maƙwabta sun yi ta shigowa yi mini barka, suna cewa Malam ya je ƙasar waje ya gyara musu laburare. Na ce musu su zauna in ba su labari, don kada su ji a bakin wani. Balki ta turo saƙo jiya tana tambaya ko na isa lafiya. Ta ce ta sami wanda zai ajiye mata kwalayen a bayan shagonsa, in dai ba su wuce wata biyu ba.