Hannun Baba a Cikin Akushi

Mahaifina ya tsufa da cin manomi, amma tafiyar manomi ta riga ta bar shi, kuma mu 'ya'yansa muka jawo. Mun karɓe gonarsa ta hanyar Fakuwa muka zuba 'yan ƙwadago, muka saya masa babur, muka ce Baba ka huta haka nan. Ya kuwa huta. Mutumin da a dā yake takawa daga ƙauyenmu har kasuwar Kusada ya dawo da ƙafa, sai ga shi daga tabarma sai masallaci, masallacin ma in ka yi tari a zaurenmu liman yana ji.

Da riguna suka fara matse shi, numfashi ya fara yi masa nauyi, na zo daga Katsina inda nake aiki na kai shi asibiti a Kankiya. Aka ce jininsa ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta karɓi wayarsa ta kunna masa abin ƙirga taku, ta ce ya riƙa barin ta a aljihu, mu dawo bayan mako guda.

Da muka koma ta duba ta yi murmushi. Ta ce a wajensu mai takun da bai kai dubu biyar a wuni ba, a sahun masu zama ake sa shi, Baba kuwa ko kusa da nan bai je ba. Da yawan zirga-zirgar mutum ake kintata abincin da jikinsa yake bukata, abin da suke kira kalori. Ta ce murhu gwargwadon tukunyarsa ake sa masa itace, shi kuwa Baba yana cin tuwon mai huɗa alhali a zaune yake wuni. Ko ya ƙara tafiya ko ya rage loma, in so samu ne ya haɗa duka biyun.

Ni mutum ne mai gaggawa, in na ji magana ina so a aikata ta kafin rana ta faɗi. Muna isa gida na ce wa Inna ta rage malmalar Baba. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Akushin da ake hita da shi ƙohwar gida zan rage? A ce rumbunmu ya ƙare, ko a ce na koyi rowa da hurhura a kaina? Je ka gaya mashi da kanka."

A ƙauyenmu har yau ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da tuwon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ci tare. Na sami Baba na maimaita masa bayanin asibiti kamar ba a gabansa aka yi ba. Ya ce, "To." Irin "to" ɗin manya da ba ta hana su komai.

Da na sake zuwa na tarar babu abin da ya canja. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tsoro nake ji, ba na so a buga mini waya wata rana a ce ya faɗi. Ran nan na zauna cikin ciyayyar da kaina, in ga inda tuwon yake shiga.

Cikin dattawan akwai abokin Baba tun na ƙuruciya, mai sayar da itace. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna kudu. Kullum sai ya shiga daji ya yo itace, ya turo a kura har cikin gari, ya koma. Jikinsa babu tsoka ko ta magani. Ɗan kwanon da ya fito da shi bai fi a ba yaro ba. Shi da Baba suka sa hannu a akushinmu.

Da na ga an ci rabi, na yi wa Baba gyaran murya. Ya ɗago ya dube ni, ya tsame hannunsa. Nan take abokin nasa ya lashe yatsu ya ce alhamdu lillahi, ya ja da baya. Tuwo yana nan jibge, miyar kuka tana tururi, aka mayar wa Inna.

Da aka watse Baba ya kira ni zaure.

"Ka gani da idonka? In na tsame hannu, shi ma ya gama ke nan. Tun da sahe bai sa komi a cikinshi ba sai koko."

Na ce to a riƙa aika masa da nasa kwanon gida mana.

"Sadaka ke nan hwa. Tare aka yi mana kaciya da mutumin nan. Da shi ci sadakata gara shi kwana da yunwa."

Kunya ta rufe ni. Lafiyar ubana nake nema, amma ban san yadda zan ce ya bar amininsa da yunwa ba.

Baba bai ce zai yi wani abu ba, sai dai a hankali na ga sauyi. Da safe yakan raka abokin nasa har bakin daji ya juyo. Lambar wayar ta ɗan ɗaga, ba sosai ba, don gwiwa ba ta barinsa ya yi nisa. Da magariba kuma ya koyi yanko 'yar loma kamar ta mai ciwon haƙori, ya yi ta mulmula ta yana ba da labari. Mutumin da a dā sai ka yi da gaske kafin ka ji bakinsa, ya koma ba ya rabuwa da zancen farin dā da jakunan ubansa. Hannunsa dai ba ya barin akushin sai ya ga gindinsa ya fito. Inna ta ce tsufa ya zo wa mijinta ta baki. A asibiti kuwa suka ce jinin ya fara sauka.

Wata ranar Juma'a ina fitowa daga masallaci, mai itacen ya riƙo hannuna ya ja ni gefe, fuskarsa duk damuwa.

"Ɗana, ka lura da babanka kuwa? Ya rage ci hwa. Surutu kawai yake yi. Ni nake ta hwama da tuwon nan ni kaɗai, don kar a maida ma innarku ta ji ba daɗi. Ku sake kai shi a duba shi."

Ƙwalla ta cika mini ido, na sunkuyar da kai kada ya gani.

"Za mu kai shi, Baba," na ce. "Kai dai don Allah kada ka gaji, ka ci gaba da taimaka mana."